Zanzibar ni da uwargida na mako guda: ta ina ake rage kuɗi?

Abu Hanan:

Assalamu alaikum. Ina shirin kai uwargida Zanzibar, kwana 6 ko 7, daga Kano. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya ba ni farashin ƙarshen Disamba a wani otal na bakin teku a Nungwi, irin wanda aka haɗa kwana da ci da sha, kuɗin kuwa ya zarce abin da na ware nesa ba kusa ba. Ba lallai sai Disamba ba, ina iya ɗaukar hutu a wani watan. Buƙatarmu teku mai kyau, wurin da za ta sake da hijabinta, abincin halal, sai ɗan zaga gari. Don Allah waɗanda suka san wurin, ta ina ake rage kuɗi, kuma ina ne in an rage ake da-na-sani? An kuma ce mini sauka a Darussalam, babban birnin kasuwanci na Tanzaniya, a hau jirgin ruwa ya fi araha. Haka ne?

Ɗan Agadasawa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hanan. A ajiye maganar otal da jirgi tukuna, biza ce farko, domin a nan mutanenmu suke asarar kuɗi tun ba su bar gida ba. Hukumar shige da fice ta Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take ciki, ta sa Najeriya da Nijar da Chadi cikin ƙasashen da sai an nemi izini daga hedikwata kafin a ba 'yan ƙasarsu biza. A shafinsu na intanet sunanta Referral Visa. Dala 50 ce ga kowane mutum, kuma in an hana ka ba a mayar maka. Su da kansu sun ce a nema aƙalla wata 2 kafin tafiya, kuma kada a biya tikiti ko otal sai amincewa ta fito. To a wannan matakin abin da za ka haɗa da takardunka shi ne shaidar riƙe kujera daga wakilin jirgi, ba tikitin da aka biya ba, sai otal ɗin da ake iya sokewa kyauta. A Booking.com ka tace bincikenka da wannan sharaɗin, akwai su da yawa. Za ka ji masu cewa ai wane ya shiga da bizar filin jirgi. Kada ka ɗora kuɗinka a kan wannan labarin, ma'aikatan jirgi suna iya hana ka hawa tun daga Kano in babu takardar amincewa a hannunka. Fasfo ɗinku kuma ya kasance da sauran wata 6 aƙalla.

Akwai kuɗaɗen da babu ciniki a cikinsu, gara ka fitar da su gefe tun yanzu. Daga 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu daga Zanzibar Insurance Corporation, dala 44, tana aiki har kwana 92. Ko kana da wata inshorar daga gida ba ta ɗauke maka wannan. A intanet ake saye, ka buga takardar ka riƙe, kada ka dogara da waya kaɗai. Sai harajin kwana da otal yake karɓa wa gwamnati, daga dala 2 zuwa 5 ga kowane mutum a kowane dare, gwargwadon darajar otal ɗin. Sau da yawa ba ya cikin farashin da kake gani a intanet, sai ranar biya a ɗora maka. Ku biyu, dare 6: biza dala 100, inshora 88, haraji tsakanin 24 da 60. Ka ga dala 212 zuwa 248 sun tafi ba ku ci ko loma ɗaya ba. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ma dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, kuma in sabuwar allura ce sai ta yi kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Ku je ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano da kanku, kada ku karɓi katin da wani ya ce zai kawo muku har gida.

Babban ragin yana wajen zaɓen wata. Farashin da aka ba ka shi ne mafi tsada a shekara. Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu Turawa suna gudo wa sanyinsu, otal-otal su ɗaga kuɗi, da yawa su ƙara kuɗin liyafar Kirsimeti da ta sabuwar shekara wanda dole ka biya ko ba ka halarta ba, wasu ma su ƙayyade mafi ƙarancin daren da za ka kama. Yuli da Agusta su ma haka, lokacin hutun makarantun Turai. Damina babba, wadda suke kira masika, daga tsakiyar Maris zuwa Mayu take. Ƙarama kuma wajen Nuwamba, ruwa ya zubo na ɗan lokaci rana ta fito. Inda farashi da yanayi suka daidaita shi ne farkon Yuni, Oktoba, Nuwamba, da ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Ni Oktoba zan zaɓa maka: iskar kudu ta lafa, zafi bai tsananta ba, baƙi sun ragu. Ka duba kalandar Musulunci kuma, don a watan azumi ƙananan gidajen abinci na gari a rufe suke da rana, alhali su ne madogarar mai son rage kuɗi.

Jirgi kuwa, Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can ya wuce Zanzibar, duk a tikiti ɗaya. Qatar Airways ma yana zuwa ta Doha, sai dai zagaye ne mai nisa. Kenya Airways daga Legas yake ta Nairobi. In ka ga tikitin Legas ko Abuja ya fi araha, ka ƙara masa kuɗin zuwa can da dawowa, da kwanan otal in lokutan ba su haɗu ba, kafin ka yi murna. Ka gwada matsar da ranar tafiya gaba ko baya da kwana 2 ko 3, farashin yana canzawa sosai. In jiran Adis Ababa ya kai awa 8 zuwa 24 kuma babu jirgin da ya riga shi, Ethiopian suna ba da masauki, amma ka tabbatar da wannan a ofishinsu lokacin yankar tikiti. Kada kuma ku zo da jakar Gana-mas-go, sun hana ta tun Nuwamba 2023.

Maman Sadiq:

Malam Abu Hanan, Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya. Bari in tsaya a kan masauki, don a nan kamfanin ya ɗora maka abin da ba ka buƙata.

Tsarin nan na haɗa kwana da ci da sha an gina shi ne a kan masu shan giya. Wani kaso na kuɗin na barasa ne da ake zubawa daga safe har dare, ku kuwa ba abin da za ku taɓa a ciki. Kuma da zarar ka biya abinci sau uku a otal, duk ranar da kuka fita yawo ka biya abincin rana sau biyu ke nan. Ka nemi ɗaki da karin kumallo kawai. In wurin ya yi nisa da gari, ka ƙara abincin dare. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, abincin gari halal ne ba sai ka yi ta tambaya ba. Manyan otal-otal na Turawa su ne ma inda ya kamata mutum ya duba abin da aka jera kafin ya zuba.

Sai zaɓen gaɓa, kuma a nan ne in an bi araha ido rufe ake cizon yatsa. Tekun gabas, wato Paje, Jambiani, Bwejuu, Matemwe, Kiwengwa, yana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma ba ƙaramar janyewa ba. Wani lokaci sai ka yi tafiyar da ta kai kilomita a kan yashi da duwatsu kafin ruwa ya kai maka gwiwa. Wanda bai sani ba sai ya sauka da hantsi ya ga babu tekun da ya gani a hoto, ya ɗauka an yaudare shi. A Nungwi da Kendwa da ke arewa ƙasan tekun yana da gangara, ruwan ba ya nisa, ana shiga kusan kowane lokaci, ga faɗuwar rana a kan ruwa. Wannan ne dalilin tsadarsu. Amma lissafin tekun a hannunku yake, da wata yake tafiya. A farkon watan Musulunci da kuma 14 zuwa 16 ga wata ne ya fi janyewa ya fi cikowa, a kwanakin yakan ja baya da hantsi ya dawo cike wajen la'asar. Wajen 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23 ga wata bambancin kaɗan ne. Kowace rana kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50. Ka nemi jadawalin cikar teku na Zanzibar a intanet, kyauta ne, ku tsara wankanku a kansa.

Tunda ka ambaci hijabi, ni Jambiani nake ganin ta fi dacewa da ku. Ƙauye ne dogo a bakin ruwa, masunta da mata masu noman ciyawar teku, masallatai a cikin unguwa, babu hayaniya. Matan garin da suturarsu suke shiga ruwa, ba wanda zai kalli uwargida sau biyu. Paje ta fi cika da matasa masu wasan lilo da iska a kan ruwa da kiɗan dare. Kendwa tana da kyau ƙwarai amma ana casun dare, musamman lokacin cikar wata. Nungwi ita ce mafi cunkoso, kuma shigar da za ku gani a bakin ruwa ba lallai ta yi muku daɗi ba. In kuna son ganin tekun arewa, ku yi dare 1 ko 2 a can, ko ku je yini guda.

Kada ka nace sai ɗakin da ƙofarsa ke kallon ruwa. Gidan baƙi da ke layi na biyu, tafiyar minti 3 zuwa 5 zuwa yashi, yakan zo da dala 35 zuwa 60 a dare a watannin da babu cunkoso, yashin kuma ɗaya ne da na mai biyan ɗaruruwa. Abin da otal yake hana wanda ba baƙonsa ba shi ne kujerunsa da rumfunansa. Kafin ka kama, ka rubuta musu ta WhatsApp ka tambayi abu huɗu: na'urar sanyaya ɗaki ce ko fanka, akwai janareta in an ɗauke wuta, akwai gidan sauro, kuma harajin kwana yana cikin farashin ko a'a. Bayan biza ta fito ka tambaye su nawa za su bar maka in ka kama kai tsaye daga wajensu na dare 4. Da yawa suna ragewa, tunda kamashon da za su ba shafin intanet ya dawo musu. Sai dai kada ka tura kuɗi gaba ɗaya ga lambar da ba ka tabbatar ta otal ɗin ba ce.

Abinci: inda 'yan gari suke ci za ka sami pilau, biriyani, shinkafa da wake da miyar kwakwa, soyayyen kifi, dankali da ƙwai da suke kira chipsi mayai, da urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai da tsire. Da shilin dubu kaɗan, wato kuɗin ƙasar, mutum ya ƙoshi, a otal kuwa faranti ɗaya sai ya ci kuɗin yininku. A tsohon gari, Stone Town, akwai gidan abinci na Lukmaan, kana nuna abin da kake so a zuba maka. Kasuwar dare ta Forodhani a je a gani, a sha ruwan rake, a ci abin da aka soya a gabanka. Amma jerin kifi da jatan lande da ƙaguwa da aka tara a kan tebur tun yamma, an riga an dafa su, ɗumamawa kawai ake yi, ga tsada. Ka tambayi farashi kafin a ɗora a wuta, in ba haka ba sai bayan kun ci a faɗa maka abin da aka ga dama. Ruwan sha ku sayi ƙunshin manyan robobi 6 a kanti ku ajiye a ɗaki. Uwargida ta taho da yajinta da kayan shayi.

Bazazzagi:

Duk abin da suka faɗa haka yake. Saura tambayarka ta Darussalam, wadda amsarta sai da biro da takarda.

Jirgin ruwan Azam Marine yana ɗaukar kusan awa 2 daga Darussalam zuwa Zanzibar, kuma kujera mafi araha ga baƙo wajen dala 35 ce zuwa kawai. Ku biyu, zuwa da dawowa, dala 140. Ƙara tasi daga filin jirgin Julius Nyerere zuwa tashar ruwa da dawowa, a garin da cunkoson motoci yake iya cinye maka awa guda a tafiyar da ba ta wuce kilomita 12 ba. Jirgin ruwa na ƙarshe wajen ƙarfe 4 na yamma yake tashi, to in jirgin samanku ya sauka bayan azahar ko cikin dare, kwanan otal ya hau kanku. A dawowa ma mai hankali ba ya hawa jirgin ruwa a ranar da jirgin samansa zai tashi sai da tazara mai yawa. In ka tara, abin yana haura dala 200 ku biyu. Ke nan sai in tikitin Darussalam ya gaza na Zanzibar da fiye da dala 100 ga kowane mutum sannan ka fara cin riba, kuma kusan yini 2 daga cikin 7 sun tafi a hanya. Ga mai tashi daga Kano da Ethiopian, yawanci bai cancanta ba. Wanda abin yake yi wa amfani shi ne mazaunin Legas, tunda Air Tanzania ya fara zuwa Darussalam kai tsaye daga can a 2025. In dai har kun bi ta ruwan, ku sayi tikiti a ofishin kamfanin da ke cikin tashar ko a shafinsu, ba wajen masu tare mutum a bakin ƙofa suna cewa an cika ba. Ku zaɓi na safe, don daga Yuni zuwa Agusta tekun yakan yi tsalle da yamma, mutane su yi ta amai. Fasfo da katin shawara su kasance a hannu, ana dubawa a tashar Zanzibar duk da ƙasa ɗaya ce.

Kuɗi: naira da sefa ba su da amfani a can. Dala za ka riƙe, kuma ka gaya wa mai canjinka a Wapa sababbi kake so. Takardun da aka buga kafin 2009 ana ƙin karɓarsu, haka mai yaga ko mai rubutu a jiki. 'Yan 100 da 'yan 50 sun fi ƙananan samun canji mai kyau. A filin jirgi ka canza kaɗan na tasi da layin waya, sauran a wuraren canji na Stone Town, kafin ku tafi ƙauye inda canjin ya fi muni. Komai na gari ka biya da shilin, domin in ka miƙa dala mai kaya zai yi maka lissafi da canjin da ya ga dama. Babbar takardarsu 10,000 ce, kada yawan damin ya ruɗe ka. Na'urar cirar kuɗi yawanci 400,000 take bayarwa a ciri ɗaya, kowane ciri da cajinsa, otal-otal da yawa kuma suna ƙara kashi 3 zuwa 5 cikin 100 in da kati ka biya.

Zirga-zirga ita ce take cin kuɗi a ɓoye. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Stone Town 'yan kilomitoci ne, dala 10 zuwa 15. Daga gari zuwa Nungwi kusan kilomita 60, zuwa Paje kusan 50, tasi yana neman dala 35 zuwa 50 kowace tafiya. Babu hanya mai sauƙi daga Nungwi zuwa Jambiani, sai an gangaro kusan gari, don haka duk sauya masauki kuɗi ne. Dabarar ita ce ka mayar da ranar sauya masauki ranar yawo. Dajin Jozani, inda jajayen biran nan da babu irinsu sai a Zanzibar suke, a kan hanyar Paje da Jambiani yake. Ka ce wa direba ya tsaya awa 1 da rabi, ka biya kuɗin shiga a ƙofa, za a haɗa ku da ɗan rakiya a can. In ka saye shi a matsayin yawo na musamman daga otal, motar da ka riga ka biya za ka sake biya. Gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani da Kidichi su ma ana ratsa su a hanyar arewa.

Yawon kwalekwale kuma, kamar tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, ko tudun yashi na Nakupenda, kuɗin na kwalekwale ne ba na kowane mutum ba. Ku biyu kaɗai ku ne za ku biya shi duka, in kun shiga cikin wasu sai a raba. Ku gangara bakin ruwa kusa da Forodhani ku yi ciniki da masu jirgin da kansu. Matasan da ke bin baƙi a bakin teku suna tallar yawo dillalai ne, nasu suke ɗorawa a kai, kuma kada ka ba kowa kuɗi gaba ɗaya tun daren jiya. A daidaita tun farko ko kuɗin shiga tsibirin da na hukumar kula da teku suna ciki. Yawon Mnemba da ake yawan tallatawa, tsibirin na masu otal ne, ba a sauka a kai, ana tsayawa ne a ruwa a leƙa kifi da tabarau. In ba ku iya ruwa ba, kuɗin bai biya ba. Inda ba na so ka rage ko sisi shi ne rigar hana nutsewa: ka gan ta da idonka, guda 2, kafin ku taka kwalekwale. In babu, ku fasa.

Wajen sa lokaci da direba ko mai jirgi ka kula, Waswahili daga ƙarfe 6 na safe suke fara ƙirga awa, abin da suke kira ƙarfe 2 shi ne 8 namu. Ka nuna masa a fuskar waya. Agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da awa 2.

Abu Hanan:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Abu biyu suka rage. Na leƙa farashin Afrilu na ga ya faɗi warwas, otal ɗin da aka ba ni ma ya zama abin da zan iya. In daure in je a lokacin? Sannan motocin haya na gari fa, za su yiwu da iyali?

Ɗan Agadasawa:

Afrilu ban ba ka shawara ba, Malam. Shi ne tsakiyar masika, ruwa yana iya wuni yana zuba kwana da kwanaki, teku ya gurɓace, masu kwalekwale su ƙi fita, wasu otal-otal da gidajen abinci ma rufewa suke su yi gyara. Ragin na otal ne kaɗai. Tikitin jirgi da biza da inshora, waɗanda su ne mafi yawan kuɗinka, suna nan yadda suke. Wanda yake zaune a Darussalam zai iya gwada sa'arsa, in bai dace ba ya dawo wani makon. Kai daga Kano sau ɗaya za ka biya wannan tikitin. In farashin damina ne ya ja hankalinka, ka duba makon ƙarshe na Mayu zuwa farkon Yuni, ruwa yana ɗaukewa, otal-otal da yawa kuma ba su riga sun koma farashin Yuli ba.

Motocin hayan daladala ake ce musu. Mai lamba 116 tana zuwa Nungwi daga Darajani, kasuwar Stone Town, 309 Jambiani, na kudu maso gabas kuma galibi daga tashar Mwanakwerekwe suke tashi. Shilin 2,000 zuwa 3,000 ne kowane mutum, wato wajen dala 1. Sai sun cika suke tashi, suna tsayawa ko'ina, wasu a-kori-kura ne da aka sa wa benci da rufi. Da akwatuna da uwargida a ranar isowa, a'a. Ranar da za ku shiga gari ku dawo hannu sake, babu laifi, amma ku juyo kafin magariba don suna yin wuya da dare. Tsakanin daladala da tasi akwai motocin da suke kwasar baƙi daga otal zuwa otal, wajen dala 10 kowace kujera, masaukinku zai iya kama muku. Hayar mota ka tuƙa da kanka ba ta da riba a mako guda: sai ka yanki izinin tuƙi na Zanzibar, a hagu suke tuƙi, ga shingayen 'yan sanda a hanya.

Maman Sadiq:

In da ni ce zan tsara muku: dare 2 a Stone Town, dare 4 a Jambiani, daga can kai tsaye filin jirgi. Tasi mai nisa sau 2 ke nan kawai. A tsohon garin yawancin abin gani da ƙafa ake zuwa kuma kyauta ne: lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa, tsohuwar ganuwa ta Ngome Kongwe, kasuwar Darajani, masallacin Malindi mai tsohuwar hasumiya. Beit al-Ajaib, tsohuwar fadar sarki, daga waje kawai za ku gani, wani sashensa ya rufta a Disamba 2020. Wurin tsohuwar kasuwar bayi ana biyan kuɗin shiga kaɗan, kuma ya cancanci a je. Ka tambayi masaukin ko mota tana isa ƙofarsu da kuma hawa na nawa ɗakin yake, don lungunan ba sa ɗaukar mota, tsofaffin gidajen kuma matakala ce zalla. Daga Jambiani ku ware rabin yini ku je Kizimkazi, akwai masallacin da rubutun da ke jikin mihrabinsa yake nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Mutanen wurin galibi Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana Bismillah a Fatiha.

Tsaraba ita ce take fasa lissafin Bahaushe, don haka ka yanke mata kuɗinta tun daga gida. Kanumfari, kirfa, masoro da kurkum a Darajani za ku saya da awo, ba a gonar da ake kai baƙi ba, inda ake ƙulla ɗan kaɗan a leda mai ado a ninka kuɗi. Zanen kanga bibbiyu ake sayar da shi, kuma a shagunan bayan kasuwa inda matan gari suke saye ya fi na titin Gizenga araha sosai. Kowane kanga da rubutu a gefensa, wani addu'a ne, wani habaici, to a sa mai shago ya fassara kafin a kai wa suruka. Akwai turaren wutarsu, udi, da alewar haluwa, duka ba su da nauyi.

Daga gida ku taho da kayan wanka masu rufe jiki na uwargida, na yadin da ba ya riƙe ruwa, don abaya in ta jiƙe nauyi take yi tana naɗe ƙafa, kuma a can da wuya a samu da araha. Ku taho da takalman roba masu rufe ƙafa. A gabas in ruwa ya janye akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya a cikin duwatsu, in aka taka ƙayar tana karyewa a cikin nama. Baƙar leda kuma kada ta shiga kayanku, Tanzaniya ta haramta ta tun Yuni 2019.

Ba-Damagare:

Ƙari ga 'yan'uwa na wajenmu da za su karanta. Mai fasfon Nijar ko na Chadi bizarsa iri ɗaya ce da ta 'yan Najeriya, wata 2 ɗin nan ya shafe shi. Mai fasfon Gana ba ya buƙatar biza, amma inshorar dala 44 tana kansa. Ethiopian yana tashi daga Yamai, sai dai mutumin Damagaram ko Maraɗi ya gwada farashin Kano tukuna, ta fi kusa da shi. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, cajar da muke amfani da ita mai ƙafa biyu zagayayyu tana buƙatar mahaɗi, a saya a kasuwa kafin a tashi. Layin waya kuma a yanka a ofishin kamfani da fasfo, Yas ko Vodacom ko Airtel, kada a bar layin gida yana jan intanet a can.